Sayen shago mai tafiya ko hayar sunan kamfani: wanne ya fi wa mai jari a Kano?

Da kuɗin sallamar kawuna suka fito bayan shekara 35 yana aikin gwamnati, ban san yadda aka yi dillalai suka ji ƙamshinsu ba. Kafin sati uku an kawo masa tayi uku. Wani ya zo da maganar shagon kayan masarufi a bakin titi wajen Gwammaja, mai shi zai bar gari, zai sayar da komai har da firiza da janareto. Wani ya ce akwai shagon atamfa a Kwari, da kayansa da kwastomominsa. Na ukun ɗan abokinsa ne, ya zo riƙe da kwamfuta yana nuna masa hotunan gidan abinci mai fitilu, ya ce kamfani ne zai ba da suna da tsarin girki, ya horar da ma'aikata, shi dai Kawu ya kawo kuɗi da wuri.

Saboda na daɗe ina riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi, sai ya aika a kira ni bayan la'asar.

"Kai da ka haɗa boko da kasuwa, wanne zan kama a ciki?"

Na ce, "Kawu, a ba ni sati biyu. Amma kafin nan kada a ba kowa ko kafin alƙalami."

Abin da na je dubawa a wurare ukun nan ɗaya ne: ina cinikin yake zaune? Kaya ana ƙirga su, firiza tana da farashi a kasuwa, haya tana da rasit. Amma wanda ya sayi kasuwanci mai tafiya, abin da yake biya wa kuɗi na musamman shi ne mutanen da za su ci gaba da shigowa bayan tsohon mai wurin ya tafi. Su kuwa mutanen nan, wani lokaci wurin suke bi, wani lokaci mutumin suke bi, wani lokaci kuma sunan da ke jikin allo. Idan wurin suke bi, ka sayi abin da zai zauna da kai muddin kana riƙe da wurin. Idan mutum suke bi, ranar da ya miƙa maka mukulli ya tafi da rabin abin da ka biya a aljihunsa. Idan suna suke bi, to sunan ba naka ba ne, haya ka karɓa.

Na fara da Kwari domin can ne kuɗin ya fi yawa, haɗarin ma ya fi ɓoyuwa. Wanda bai san kasuwar ba yana ganin cinkoso da 'yan dako da diloli sai ya ɗauka duk wanda ya samu ƙofa a nan ya gama. Alhali babban cinikin sari ba mai wucewa ne yake yin sa ba. Mutum ne a Maiduguri ko Maraɗi ko Injamena ko Garwa, ya shekara goma yana hulɗa da Alhaji wane, yana turo kuɗi ta waya ba tare da ya ga kaya ba, wani lokacin a ɗora masa kaya a mota sai ya sayar ya aiko. Wannan amana ce, kuma amana ba ta shiga takardar ciniki. Ranar da aka ce masa Alhaji ya sayar da shago, tambayar farko da zai yi ita ce, "Yanzu ina ya koma?" Akwai kuma yaran shago. Sau da yawa lambobin kwastomomi suna wayar babban yaron shago ne, shi ya san wanda ke biya da wanda ke ja, shi ya san launin da ke tafiya a Zindar da wanda ba ya motsi sai a Sakkwato. In ka sayi shago yaron nan ya bi tsohon ubangidansa, ko aka sallame shi ya buɗe nasa a layi na gaba, kai ka zauna da kanta da fanka.

Ban ce kada a sayi shago a Kwari ba. Ɗan kasuwar da ya tashi a cikinta, yana da nasa mutanen, yana neman ƙarin wuri, shi sayen shago alheri ne gare shi, domin wurin kawai yake saye kuma ya san darajarsa. Amma tsohon ma'aikacin da bai taɓa banbance atamfa mai tafiya da kwantai ba, in aka haɗa masa kuɗin wuri da kuɗin kaya da kuɗin kwastoma a dunƙule, cinikin biri a sama ya yi. Da muka sa aka sauko da kayan saman kanta a shagon da aka yi wa Kawu tayi, kusan duk abin da ke can baya zanen da aka daina yayi ne, kuma an sa musu farashin sabon shigowa.

Shagon unguwa labarinsa daban. Mai sayen sukari da taliya da omo da madara ba ruwansa da sunan mai shago, kusanci yake bi da farashi da kuma sakin fuska. Nan ciniki a wurin yake zaune, shi ya sa ya fi sauƙin ganewa kuma ya fi sauƙin gada. Sai dai shi ma ba a ɗaukar maganar mai sayarwa. Gani ya kori ji. Na samu benci wajen mai shayin da ke kallon shagon na zauna safiya uku da yamma uku, ina ƙirga masu shiga da abin da suke fitowa da shi. Daga nan na nemi a nuna min bayanan asusun da na'urar POS ɗin shagon take zubawa na wata shida. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutanen Kano da yawa suka saba da tiransifa, wannan kuwa ya yi wa mai sayen kasuwanci rana, domin littafi ana iya zama a rubuta shi a dare ɗaya, amma bayanan banki na wata shida ba sa rubutuwa haka. Sannan na shiga kasuwar Singa wajen waɗanda mai shagon yake sari a hannunsu. Wanda ke ba shi katan-katan ya fi kowa sanin ko shagon yana ci ko yana ramewa, kuma shi zai gaya maka idan akwai bashi a ƙasa.

Sai lissafin farashi, inda mafi yawan masu saye suke zamewa. Mu ƙaddara shago yana cinikin naira miliyan 6 a wata, ribar da ke kan kayan kashi 8 cikin 100 ce. Naira 480,000 ke nan. A cire haya da albashin yaro da man janareto da kuɗin wuta da na masu karɓar haraji, mu ce 230,000, saura 250,000. Mai sayarwa a nan zai tsaya ya ce maka ga ribar. Amma shi da kansa yake zama daga safe zuwa ƙarfe goma na dare, kuma bai biya kansa ko sisi ba. In ka ɗauki wanda zai yi wannan zaman, ko ka yanka wa kanka albashin 100,000, ribar gaskiya 150,000 ce, wato miliyan 1.8 a shekara. To idan ya ce ban da kuɗin kaya da na firiza sai ka ba shi miliyan 5 saboda wurin ya kafu, kusan shekara uku za ka yi kafin ka mayar da wannan kaɗai. In kuwa saura wata takwas hayar wurin ta ƙare, kuma ba ka ga mai ginin ido da ido ba, ka sayi shekara uku a kan alƙawarin wata takwas.

Akwai wata riba ta ƙarya da ta yi yawa a littattafan shekarun nan, kuma ko mai sayarwar ba lalle ya san ƙarya ce ba. Daga cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 da sakin naira da ya biyo baya, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk wanda ke da kaya a sito a lokacin ya saya da araha ya sayar da tsada, littafinsa ya cika da riba. Amma da ya koma sari, kuɗin da a da ke sayen katan 100 bai sayi 70 ba. Saboda haka kada ka tambayi naira nawa ake yi kawai, ka tambayi katan nawa da buhu nawa suke fita a wata, bana da bara.

Maganar wuri ita ce ta fi cin mutane a Kano, domin yawancin waɗanda ke cewa "na sayar maka da shago" ba su mallaki ginin ba. Ko dai haya suke, ko kuma rumfar kasuwa ce da hukuma ta ba da. In haya ce, sai mai ginin ya yarda kuma an rubuta sabuwar yarjejeniya da sunanka, in ba haka ba ranar da shekara ta zagayo zai ninka kuɗi, ko ya ce ɗansa zai zauna. In rumfar kasuwa ce, a je ofishin kasuwa da shugabannin layi a tabbatar sunan wa ke kan takarda, a kuma sauya shi a gabansu. In ginin kansa ake sayarwa, dokar filaye ta 1978 ta sa ba a sauya mallakar fili mai takardar shaidar mallaka sai da amincewar gwamna, kuma a duba fayil a KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, kafin kuɗi su fita. Wanda ya ga rusau ɗin watan Yunin 2023, yadda shagunan da ke jikin Filin Idi suka koma ɓaraguzai, ba sai an yi masa dogon bayani ba: akwai waɗanda suka biya kuɗi masu nauyi suna riƙe da takardu a hannu. Haka masu sarin magani na Sabon Gari da aka tilasta wa komawa sabuwar cibiyar Dangwauro a farkon 2024. Duk wanda ya sayi wuri a tsohuwar kasuwar maganin gab da lokacin, ya biya kuɗin cinkoson da ke shirin tashi. Ruwa ba ya tsami banza, in ka ga wuri mai kyau ana gaggawar rabuwa da shi a farashi mai sauƙi, ka tambayi maƙwabta abin da suka ji.

Sai abubuwan da ba sa bin mukulli. Lasisin shagon magani yana ɗaure da mutumin da aka ba da kuma adireshin, ba a gadonsa da ciniki. Gidan ruwan leda ko gidan burodi, a duba sunan wa ke kan rajistar NAFDAC kuma yaushe take ƙarewa. Bashin KEDCO kuwa sau da yawa a jikin mita ake tarar da shi. Idan kasuwancin yana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a san wace iri ce. Rajistar sunan kasuwanci kawai ba ta raba mutum da sana'arsa. Kamfani mai "Limited" kuwa a idon doka mutum ne mai zaman kansa, in ka sayi hannun jarinsa ka saye shi da duk bashinsa da harajin da bai biya ba da shari'ar da ake yi da shi. Ga ƙaramin mai saye, ni a ganina ya fi tsafta ya sayi kadarorin kawai, kaya da injina da haƙƙin wuri da suna, ya buɗe tasa rajistar. Sai kuma dukiyar gado, wadda ta fi duk waɗannan sarƙaƙiya. Shaguna da yawa suna fitowa kasuwa ne bayan rasuwar mai su, babban ɗa ya tsaya a gaba. In ba a raba gado ba, ko ba duk magada suka sa hannu ba, wata rana takardar sammaci daga kotun Musulunci za ta same ka a shago, kuma mai ƙarar tana da gaskiya.

Yanzu ga tayi na uku, wanda ya fi burge Kawu saboda hotuna. Abin da Turawa ke kira faranchayis, ni hayar suna nake ce masa, domin hakan ne. Kamfani mai suna yana ba ka izinin buɗe reshe da sunansa da alamarsa na wasu shekaru. Shi zai tsara yadda ginin zai kasance, da abin da za a sayar, da yadda za a dafa, da kayan da ma'aikata za su sa. Kai za ka kawo kuɗin gini da injina, ka biya kuɗin shiga tun farko, sannan duk wata ka ba da wani kaso.

Alherinsa a fili yake, kuma ba zan rage shi ba. Ba ka fara daga sifili. Ranar da ka buɗe, akwai wanda ya san sunan daga Abuja ko Legas zai shigo ba tare da an roƙe shi ba. An riga an yi kuskuren da za ka yi shekara biyu kana yi, an rubuta maganinsa. Akwai tsarin ƙirga kaya da na kuɗi wanda ke rage satar ma'aikata, ita ce kuwa cutar da ke kashe gidajen abinci a garin nan fiye da rashin ciniki. Ga wanda yake da aiki a wani wuri kuma yana son kasuwancin da manaja zai iya riƙewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma a duba inda ake cire kason. Daga ciniki ake cirewa, ba daga riba ba. Mu ƙaddara reshe yana cinikin miliyan 10 a wata, bayan kayan girki da albashi da dizal da haya ana samun miliyan 1.5. In yarjejeniya ta ce kashi 6 na mai suna ne, kashi 2 na talla, naira 800,000 ke nan, fiye da rabin abin da ya rage maka. Watan da dizal ya tashi ribarka ta koma sifili, 800,000 ɗin nan suna nan daram, domin cinikin bai ragu ba. Kai ke ɗaukar asara, shi yana karɓar nasa ko an ci ko ba a ci ba. In kamfanin na ƙasar waje ne kuma kuɗinsa da dala aka ƙayyade, ka tuna abin da dala ta yi a 2023. Irin wannan yarjejeniya da kamfanin waje kuma sai an yi mata rajista a NOTAP, hukumar da ke kula da yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, kafin a iya tura kuɗin ta hanyar banki yadda doka ta tsara.

Sannan hannunka a ɗaure yake. Ba ka da ikon rage farashi don maƙwabcinka ya rage. Ba ka da ikon ƙara masa da miyar taushe a jerin abinci don ka ga ita mutane ke tambaya. Wasu yarjejeniyoyin ma suna tilasta maka sayen kayan haɗi daga wurinsu ko daga wanda suka zaɓa, ko da kana ganin irinsa da araha a 'Yankaba. Kano kuwa gari ne mai nasa baki da nasa lokaci. Watan azumi cinikin rana yana mutuwa, na dare ya tashi. Mai gurasa da mai tsire da mai shinkafa da wake na bakin titi ba sa biyan kowa kashi 8, kuma ɗan Kano ya san farashin komai. Wanda ya tsara jerin abinci a ofis a Legas ba lalle ya san wannan ba, kai kuma da ka sani ba a ba ka damar gyarawa ba.

Girman suna ma ba garkuwa ba ne. Mr Bigg's na kamfanin UAC, wanda ya fara a 1986, ya taɓa zama sunan da kowane yaro a birni ya sani, da rassa fiye da 100, da yawansu a hannun masu hayar suna. Yau sai an yi nema kafin a ga reshensa. Wanda ya zuba kuɗi a reshe lokacin da sunan ke tashe, ko da nasa wurin yana da tsafta da kyau, darajarsa ta bi ta sauran ƙasa, domin a hayar suna laifin reshen wani gari yana shafar naka. Shoprite ta buɗe a Ado Bayero Mall a 2014, uwar kamfanin ta Afirka ta Kudu ta sayar da harkarta ta Najeriya ga masu zuba jari na cikin gida a 2021 suka ci gaba da amfani da sunan, a Janairun 2024 kuma aka rufe reshen Kano. Garin da ke da Singa da Sabon Gari ba a cin sa da allo kawai.

Wani abin lura shi ne, manyan sunayen waje da ake gani a Najeriya galibi kamfani guda ne ke riƙe da izininsu na ƙasar baki ɗaya, kamar yadda Eat'N'Go ke riƙe da Domino's da Cold Stone. Saboda haka in wani ya zo maka da kwamfuta ya ce zai samo maka reshen wani babban suna, tambayar farko ita ce shi wane ne a wurin masu sunan, kuma ina takardarsa. Ƙananan kamfanonin gida da ke tallar hayar sunansu a Instagram kuwa, a tambaye su rassa nawa suke gudanarwa da kansu, shekara nawa, kuma sun yi wa alamar tasu rajista ko kuwa. Wanda ke da shago biyu yana neman mutum ashirin su biya shi kuɗin shiga, sana'arsa ta koma sayar da izini, ba sayar da abinci ba. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya ita ce a nemi wanda ya riga ya karɓi reshe, ba wanda kamfanin ya haɗa ka da shi ba, a zauna da shi a sha shayi. In an samu wanda ya karɓa ya rufe, shi ya fi amfani.

Ranar fita ma akwai bambanci mai girma. Shagon da ka saya naka ne, gobe ka sayar wa wanda ka ga dama. Reshen hayar suna ba ka sayar da shi sai mai sunan ya amince da wanda zai saya. In wa'adi ya ƙare ba a sabunta ba, za a sauke allo, ka zauna da ginin da aka tsara don wani, wataƙila ma da sharaɗin kada ka yi irin sana'ar a wurin na wani lokaci. Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai hanya ta tsakiya da ba a kawo wa Kawu ba, amma ni na sa ta a ma'auni, domin ita ce hayar sunan da Kano ta sani tun kaka da kakanni: zama dila ko wakilin kamfani. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, manyan attajiran garin nan ta wannan ƙofa suka shiga. Alhassan Ɗantata ya yi wa kamfanin Neja, wanda daga baya ya zama UAC, sayen gyaɗa, a kan haka ya gina abin da zuriyarsa ke kai har yau. Dilan siminti ko sukari ko taliya ko lemon kwalba na yanzu jikan wannan tsari ne. Ba ka biyan kaso daga cinikinka, ba a tsara maka launin bango, kuma kayan sun riga sun sayar da kansu. Wahalarsa ita ce ribar kan katan siririya ce ƙwarai, abin da ake ci yana cikin yawa da kuma ladan da kamfani ke bayarwa in ka cika adadin da aka yanka maka. Kai za ka biya kamfani kafin a loda maka, amma 'yan shaguna za su karɓa bashi, saboda haka jarinka kullum yana hannun mutane. In farashi ya faɗi sito yana cike, asarar taka ce. Wannan sana'ar mai dogon numfashi ce, mai mota da sito da yaran da suka san hanyar karɓo kuɗi. Kuɗin sallamar ma'aikaci guda ba su cika isa ba, in kuma suka isa, ba sa barin abin cefane.

To wa ya dace da wanne? Mai matsakaicin jari wanda zai zauna da kansa, shagon da cinikinsa ke bin wuri ya fi masa: kayan masarufi, gidan ruwa, wurin cika gas, injin niƙa, wankin mota. Ɗan kasuwar da ya riga ya san layi shi ya kamata ya taɓa shagon sari a Kwari ko Singa ko Farm Centre. Hayar suna ta mai kuɗi ce da zai iya jure shekara biyu ba tare da ya ci daga wurin ba, yana da gini nasa a titi mai kyau irin Zoo Road ko cikin Nasarawa, kuma halinsa ya yarda da bin umarni. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. Dattijon da ya saba a ce masa ranka ya daɗe, yaro ɗan shekara 28 ya zo daga hedikwata da takarda yana duba masa ɗakin girki yana rage masa maki, ba kowa ke haɗiye wannan ba. Na san Kawu, ba zai haɗiye ba.

In kai ne mai sayarwa, juya duk abin da na faɗa. Shekara guda kafin ka sa kasuwancin a kasuwa, ka raba asusun shago da na gida, ka sabunta haya, ka karya kwantai ka rabu da shi, ka biya wuta. Shagon da ke da lissafi a rubuce ya fi tsada, kuma ya fi saurin samun mai saye. Aibin da ka sani kuma ka faɗe shi, domin a shari'a ɓoye aibi yana ba mai saye damar mayar da ciniki, ban da abin da ke tsakaninka da Allah.

Da sati biyun suka cika na koma na ce, "Kawu, Kwari ba taka ba ce, gidan abincin nan kuma ko takardar izini yaron bai iya nunawa ba. In za a yi, Gwammaja ce, amma da sharuɗɗa."

Muka zauna da mai shagon da dillali da shaidu biyu da mai ginin. Aka ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya a farashin sari, aka ware waɗanda kwanansu ya kusa ƙarewa. Bashin da mutanen unguwa suka ci muka ce ba ma saye, nasa ne ya bi abinsa. Kuɗin kafuwar wuri aka rage shi kusan rabi, kuma aka raba biyansa gida biyu, kashi na biyu sai bayan wata uku in ciniki bai faɗi ba. Aka rubuta cewa zai zauna da Kawu wata guda yana haɗa shi da mutanen Singa, kuma ba zai buɗe irin shagon a unguwar ba har shekara biyu. Dillali ya ɓata rai don la'adarsa ta ragu, ya ce shi bai taɓa ganin cinikin shago da lauya ba. Mai ginin ya ba da haya ta shekara biyu a rubuce.

Duk da haka akwai abin da ya wuce ni. Sai a wata na biyu muka gane cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na cinikin daga wata makarantar kwana yake zuwa, mai sayo musu kaya kuma surukin tsohon mai shagon ne. Da zangon karatu ya ƙare bai dawo ba. Kashi na biyu na kuɗin da muka riƙe shi ya rufe wannan ramin, aka sake zama aka rage. Yanzu Kawu yana buɗewa ƙarfe bakwai, ya ƙara da sayar da ƙanƙara saboda ya sa sola, kuma har yau in na biya ta wurin sai ya tambaye ni ko yaron nan mai kwamfuta ya samu wanda ya karɓi gidan abincin.